Hula Mai Kore Da Fari: Da Me Za Mu Auna Kishin Ɗan Siyasa?

Marasa lafiya Allah ya ba su sauƙi, waɗanda tashin hankali ya raba da garuruwansu kuma Allah ya mayar da su ɗakunansu cikin aminci.

Yau zancen siyasa za mu ɗan taɓa, kada uwargida ta ce bari ta murɗa akwatin rediyonta. Ki ɗan dakata tukuna, domin maganar taki ce. Wata baiwar Allah ce daga ƙasar Faskari ta aiko mana da saƙo. Ta ce an yi wani taro a yankinsu, manyan baƙi sun zo da jerin motoci, kowace da 'yar tuta a gaba. Ɗaya daga cikin masu neman kujera ya sha hula mai kore da fari, da aka sa taken ƙasa ya miƙe ƙyam, ya ɗora hannu a ƙirji, ya rufe ido yana rerawa kamar zai yi kuka. Abokin hamayyarsa kuwa baki kawai yake motsawa, da gani ka san bai iya ba. Samari suka ɗauke shi a waya suka watsa a WhatsApp, ana ta cewa ga wanda ba ya kishin Nijeriya yana neman shugabanci. Sai ta ce da ni, cikin harshenta na Katsinanci mai daɗi, "Hajiya, ni kaina ban san ko kalma guda ta waƙar nan ba, kuma ɗana biyu na binne saboda ƙasar ga. To mi za ni yi? In ƙi mutum don bai iya waƙa ba?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Allah ya jiƙan yaranki, 'yar uwa, ya ba ki haƙurin rashinsu.

Bari mu fara daga kalmar kanta. Kishin ƙasa. In dai zancen kishi ne, ai ba a gaya wa mace, mu ne malamansa. Kuma mun san kishi iri-iri ne. Akwai maigidan da in baƙi suka zo sai ya yi ta kiran sunan uwargida cikin fara'a, ranar suna ya yi mata liƙi har mutane su ce kai, wance ta yi dace. Baƙi na watsewa, sai ta shiga maƙwabta aron gwangwanin masara. Akwai kuma wanda ko sannu da aiki ba ta cika fita daga bakinsa ba, amma buhun hatsi bai taɓa yankewa ba, in yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare shi zai saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti. Kowace mace da ke saurarena ta san wanne ne mijin rufin asiri. Amma ku gaya mini gaskiya, matar na biyun ba ta so a ce wata rana ya buɗe baki ya ce mata sannu? Tana so mana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji Hausawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita tutar nan tamu, wani ɗalibi ne ɗan Ibadan mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana ta a 1959 lokacin yana karatu a Ingila, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kore alamar albarkar noma, fari alamar zaman lafiya. Ku ji fa, noma da zaman lafiya, abubuwa biyun da manomin Ƙanƙara da na Sabuwa ya fi kowa sanin zafin rashinsu. Taken ƙasa na farko wata Baturiyar Ingila ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta kalmominsa. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta sauya shi da wanda 'yan ƙasa suka tsara, wanda mu muka tashi muna rerawa a filin asambuli. Shekara 46 ana kansa. Sai a watan Mayu na 2024 Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudirin komawa tsohon take karatu na ɗaya da na biyu da na uku duk a rana guda, Majalisar Dattawa ta biyo baya, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga watan.

To kun ga inda gizo ke saƙar. Mutumin da ya haddace take tun yana firamare, ya wayi gari an ce ba shi ba ne. Ni da nake muku magana, da digirina na aikin jarida, sai da na riƙa leƙa takarda a taron farko da na je bayan sauyin. Kishina ne ya ragu cikin dare ɗaya? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saurin da aka yi. Ashe majalisa na iya gama doka cikin mako guda in ta ga dama. Kwana goma sha ɗaya da sa hannun nan, ranar 9 ga Yuni, 2024, 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje a ƙaramar hukumar Ƙanƙara suka kashe mutane masu yawa. Matan da suka yi takaba a garin nan, da wane take aka yi musu ta'aziyya, tsohon ko sabon?

Ba a tsaya nan ba. A watan Agusta na wannan shekarar aka ji wani ƙudiri da Kakakin Majalisar Wakilai Tajuddin Abbas ya gabatar, wanda a cikinsa aka tanadi tarar naira miliyan 5 ko ɗaurin shekara 10 ga wanda ya ƙi rera taken ƙasa. Jama'a suka yi ca, kuma a yaba masa, ya janye shi. Da ya zama doka, da 'yar uwarmu ta Faskari sai ta riƙa ɓuya in ta ji an kunna lasifika.

Wannan rigima ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Amurka, a 2007, lokacin da Barack Obama ke neman takara, an yi ta yamaɗiɗi da wani hotonsa da aka ɗauka a jihar Iowa ana rera taken ƙasarsu bai ɗora hannu a ƙirji ba, ga shi kuma ya daina maƙala 'yar ƙaramar tuta a kwalar rigarsa. Aka ce ba ya son ƙasarsa. Daga baya ya koma yana maƙalawa, a 2008 kuma suka zaɓe shi. A nan gida ma, a 2017 wani tsohon alƙali mai shekara 82, Sylvanus Nsofor, ya je gaban Majalisar Dattawa don a tantance shi jakada, aka ce ya karanto taken ƙasa ya ƙi. Suka ƙi amincewa da shi, Shugaba Buhari ya sake aika sunansa, a ƙarshe shi ya wakilci Nijeriya a Amurka. Na kawo waɗannan ne don ki san cewa ko manyan da ke da'awar abin, in ta zo musu da sauƙi, ba da shi suke yanke hukunci ba.

Yanzu bari mu dawo gida, mu tsaya a Ƙanƙara, domin a nan ne ni dai na samu amsar da ta gamsar da ni.

Daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, makarantar kwana mai ɗalibai sama da 800. Suka kora ɗaruruwan yara cikin daji a ƙafa, wasu ko takalmi babu. Ku tuna su wane ne yaran nan. Su ne waɗanda kullum safiya suke jeruwa sahu-sahu a gaban tuta, su rera taken ƙasa, su karanta alkawarin biyayya ga Nijeriya. Duk ƙasar nan babu ɗan siyasar da ya kai su yawan tsayawa ƙyam. Sun cika nasu ɓangaren na alkawari. Da dare ya yi, ƙasar da suka yi wa alkawarin ba ta da isassun masu gadin ƙofarsu.

Iyaye mata suka cika harabar makarantar, wasu daga Funtuwa, wasu daga Malumfashi, wasu daga nesa, suka zauna a ƙasa cikin sanyin hunturu. Duk wadda ta ga fuskokin matan nan ba za ta manta ba. A ranakun nan ban ji uwa ɗaya ta tambayi wane ne ya iya waƙar ƙasa ba. Tambaya biyu ce a bakinsu. Ina yaranmu? Wa ya zo?

Ku lura da ta biyun. Wa ya zo? Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya je Ƙanƙara washegari. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuwa yana Daura a wannan mako, cikin jihar nan, amma bai taka Ƙanƙara ba. Tawaga ce ta zo daga Abuja ƙarƙashin ministan tsaro. Alhamdulillahi, ranar 17 ga wata aka sako yara 344 ta ɓangaren Zamfara, washegari shugaban ya gana da su a gidan gwamnati a Katsina. Masu kare shi suka ce aiki ya fi zuwa, ga yara sun dawo cikin kwana shida, me kuma ake nema? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin iyayen 'yan matan Chibok da aka sace tun 2014 da za su samu irin wannan da sun yi sujadar godiya. Amma har yau in kin zauna da matan yankin nan za ki ji mai cewa, yana Daura fa, bai zo ba. Allah ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya a watan Yulin 2025, ba don tonon asiri na kawo wannan ba. Na kawo ne don in nuna cewa mu da kanmu muna auna shugabanni da alama ta zahiri. Zuwa jaje ai alama ce. Ba ya dawo da mamaci, ba ya kuɓutar da wanda aka sace. Duk da haka a al'adarmu wanda bai zo maka gaisuwar mutuwa ba, ko buhun shinkafa ya aiko, akwai abin da zai tsaya maka a maƙogwaro.

Saboda haka ba zan zauna a nan in ce muku alamomi banza ne ba. Wanda ake rera taken ƙasa yana zaune yana danna waya yana dariya, ya nuna mana rashin ladabi, kuma mai raina abin da jama'a suka taru a kai ba a cika samun alheri a hannunsa ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 24, ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da take. Sai dai in kin koma baya kaɗan a cikin littafin nan, sashe na 14 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Ɗan siyasa ya rantse da Alƙur'ani a kan littafin gaba ɗayansa, bai rantse a kan shafin da ya fi masa sauƙi ba.

Bambancin da nake gani shi ne, akwai alamar da ba ta cin komai, akwai kuma wadda sai an biya. Hula mai kore da fari, nawa take a kasuwa? Tela zai ɗinka maka ita kafin la'asar. Ɓarawon gwamnati zai iya sa ta, mai gaskiya zai iya sa ta, ba ta bambance su. Amma a ce mutum ya bi hanyar Sheme zuwa 'Yankara a lokacin da direbobi ke salati kafin su shige ta, ya je ya zauna a tabarmar makoki a ƙauyen da aka kai wa hari jiya, ba tare da mai ɗaukar hoto ba, wannan alama ce da ake biya da tsoro da gajiya. Ita kam tana faɗin wani abu game da zuciyar mai ita.

Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku, da suke kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta tarayya, sun ga abin da ya ishe su awo. A watan Maris na 2014 aka yi kisan gilla a Mararrabar Maigora da ƙauyukan da ke kewaye, a daidai makon da Shugaba Goodluck Jonathan ya zo Katsina buɗe ayyuka. A birni ana kaɗa tutoci ana tarbar baƙi, a ƙasar Faskari ana haƙa kaburbura. A watan Yunin 2020 aka yi na Kadisau. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka hana kasuwannin dabbobi, aka taƙaita sayar da fetur. Wata uku mace ba ta iya kiran ɗanta da ke ci-rani a Legas, mai naƙuda ba ta iya kiran mai mota. Mutane suka jure, aka ce don ƙasa ne. In ana neman masu kishin ƙasa, to ga su nan, waɗanda suka biya da kasuwarsu da gonarsu.

An gwada sulhu a 2019 a zamanin Masari, ya rushe. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa-kai na jiha a watan Oktoba na 2023, samarinmu suka shiga, wasunsu sun kwanta dama a bakin aiki. A 2025 kuma aka sake zaman sasanci a wasu ƙananan hukumomi. Kowace daga cikinku tana da ra'ayinta kan waɗannan matakai, ni ma ina da nawa, ba yau za mu buɗe wannan faifan ba. Abin da nake so ki tambaya shi ne, a duk waɗannan shekaru, shi mai hular nan yana ina? Shi ma wanda bai iya waƙar ba, yana ina? Kada ki ɗauka rashin iya waƙa shaidar gaskiya ce. Mai yiwuwa bai iya waƙa ba, bai kuma iya aiki ba.

Akwai wani abu da ya faru da ya sa na ƙara tsoron wannan awo na tuta. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, an ga samari da yara a Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa suna ɗaga tutar Rasha. Ban goyi bayan haka ba ko kaɗan, ɗaga tutar wata ƙasa a kan titinka wauta ce, kuma Rasha ba ta san da zamanka ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Aka kama su har da telolin da suka ɗinka, aka tsare su kusan wata uku. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a kotun tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, a rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi Allah wadai kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Yaron da yunwa ta sa ya ɗaga ƙyallen da bai san ma'anarsa ba, shi ne maci amanar ƙasa. Wanda ya karɓi kuɗin gina asibitin ƙauye ya gina gida a Abuja, da tuta a kan teburinsa da wata a gaban motarsa, shi ne mai girma. Wallahi iyayena, in muka yarda da wannan ma'auni, kullum talaka ne zai faɗi jarrabawa.

Mu a jihar nan mun ga wani irin misali. Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ba mutum ne mai ado ko iya zuba zance ba. Ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa, 29 ga Mayu, 2007, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da nakasu, ya kuma kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. A watan Yunin shekarar ya buga abin da ya mallaka a fili kowa ya gani, abin da doka ba ta tilasta masa ba. Ba na cewa ba shi da kuskure, ɗan Adam ne. Amma bayyana dukiya ita ma alama ce ta zahiri, sai dai irin mai tsadar nan ce, domin wanda ya faɗi abin da ya shigo da shi ya ba ka sandar da za ka auna shi ranar fita. A cikinmu mata kuma ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri da duka a zamanin NEPU saboda neman 'yancin talaka da na mata, a lokacin da macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a. Sai a ƙarshen shekarun 1970 muka samu wannan dama. Ƙuri'ar da ake zuwa saye da turmin atamfa da sabulu da taliya, akwai wadda ta kwana a kurkuku kafin ta zo hannunki.

To 'yar uwata ta Faskari, ga abin da ni zan yi in da ni ce ke. In ya zo ƙofar gida neman ƙuri'a, ko ya turo shugabar mata da ledar kaya, zan tambaya a ina iyalinsa suke kwana. Ba laifi ba ne mutum ya kai iyalinsa inda ya fi tsaro, kowa na son ransa, amma in rabonsa da kwana a garin tun zaɓen da ya wuce, ya kamata ya ji kunyar cewa ya san halin da muke ciki. Zan tambaya wace makaranta 'ya'yansa suke, kuma ko ya san yawan makarantun firamare da aka rufe a mazaɓarsa saboda malamai sun gudu. In ya taɓa riƙe kujera, zan tambayi masu rediyo da masu waya a gidanmu ko sun taɓa jin ya miƙe a zauren majalisa ya ambaci sunan ƙauyenmu ranar da aka kai mana hari. In sabo ne bai taɓa riƙe komai ba, ai yana da tarihi a unguwa. Ya yake da masu yi masa aiki a gona? Da aka haɗa kuɗin fansar maƙwabcinsa, an ga hannunsa? Waɗannan duk abubuwa ne da mata suka fi maza sani, domin labarin gida a bakin rijiya da gidan biki yake fita.

In ya ci wannan jarrabawa, kuma ya zamana bai iya taken ƙasa ba, sai mu ce ranka ya daɗe, a daure a koya, abin kunya ne ga mai neman wakiltar jama'a, jikarka 'yar aji uku za ta koya maka cikin kwana biyu. In kuwa ya faɗi, to ya je da hularsa.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mai kula da na'ura tun ɗazu yake nuna mini agogo. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu tattauna kan katin zaɓe, musamman ga matan da hijira ta raba da rumfunan da suka yi rajista, yadda ake neman a mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune yanzu. Wadda ke da tambaya a kan haka ta aiko mana da wuri. Kafin nan, a gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum.